Hula mai fanka da mutumin da ya riƙe ta amana

Akwai cututtukan da iska ke ɗauka. Tarin fuka na cikinsu, da baƙon dauro, da cutar korona. In marar lafiya ya yi tari, ƙwayoyin cutar sukan fito su yi ta yawo cikin ɗaki kamar ƙaiƙayi ranar shiƙa, sai dai su ido ba ya ganin su. Mai zuwa dubiya yakan zauna kaɗan ya tashi. Ma'aikacin likita kuwa cikin wannan iska yake wuni, cikinta yake kwana.

Domin tsare irin waɗannan ma'aikata ne asibitoci suke aiki da wata hula mai fanka. Masu haƙar ma'adinai da masu walda su suka riga sanin ta, saboda ƙura da hayaƙi. Daga baya ta shiga likita. A shekarar 2014, a garin Atlanta na ƙasar Amurka, ma'aikatan asibitin jami'ar Emory sun sa ta sun yi jinyar mutum 4 masu cutar Ebola. Ba wanda ya kamu cikinsu.

Ga labarin wani da ya zauna da wannan hula wata da watanni. Mai jinya ne a wani babban asibiti na birnin Niyu Yok, can Amurka. Magidanci ne, yana da mata da yara 3, kuma tun yana saurayi yake da gemunsa.

Cikin watan Maris na 2020 korona ta afka wa birnin. Farkon Afrilu, an yi kwanaki ana rasa mutum fiye da 700 kowace rana a wannan jiha. Aka raba wa ma'aikata takunkumin baki da hanci mai suna N95. Shi wannan takunkumi, cikin ƙwayoyi 100 yana tare 95, amma da sharaɗi: sai ya manne da fata ko'ina. Mai gemu ba ya samun haka. Gashi yana ɗaga bakin takunkumin, iska ta bi ta gefe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mutumin ya shiga tunani. Ko ya aske gemu, ko ya bar ɗakin masu tsananin ciwo a lokacin da ake neman hannu ido rufe. Ana cikin haka shugabar sashensu ta kira shi, ta miƙa masa hula mai fanka. Ta ce: "Wannan ba ruwanta da gemu. Amma ka sani, tana da hidima."

Kayan kashi 4 ne. Akwai hula mai rufe kai har wuya, gabanta roba ce garau da ake gani ta ciki. Akwai ɗan akwati da ake ɗaurawa a ƙugu, cikinsa fanka da matatar iska. Akwai batir. Sa'annan akwai tiyo da ya taso daga akwatin, ya bi baya, ya shiga hular ta ƙeya.

Aikinta ba wuyar ganewa. Fanka tana jawo iskar ɗaki, ta tura ta cikin matata, kamar yadda ake tankaɗe gari da rariya. Cikin ƙwayoyi 10.000, 3 kacal ke iya wucewa. Iskar da aka tace ta bi tiyo ta zubo cikin hula, kamar zugazugin maƙeri da ba ya hutawa. Da yake iskar ciki ta yi yawa, kullum waje take neman fita ta gefen wuya. Wannan shi ke hana iskar ɗaki shiga. A dokar Amurka, sai fanka tana ba da lita 170 ta iska, ko fiye, cikin kowane minti. In an auna tsaro, takunkumi yana rage cutar da ake shaƙa zuwa kashi 1 cikin 10, hula kuwa zuwa kashi 1 cikin 25. Da annoba ta yi tsanani, har kamfanin motoci na Ford ya shiga ƙera irinta cikin Afrilu 2020, tare da kamfanin 3M.

Tun ranar farko mutumin ya gane inda haɗarin yake. Hular ba ta manne da fuska ba. Iska ce kaɗai ƙofarta. In fanka ta yi sanyi ko ta tsaya, hula ta zama buhu kawai bisa kai, iskar ɗaki ta shigo ta ƙasa. Mai ita kuwa yana nan sake da jiki, ya sunkuya kan mai tari, yana zaton a tsare yake.

Saboda haka ya ɗora wa kansa ƙa'ida. Aikinsa awa 12 ne, yakan zo kafin lokaci da minti 20. Ya wanke hannu. Ya ɗaga hula wajen fitila ya duba ko ta yage ko ɗinki ya saki. Ya lanƙwasa tiyo gaɓa gaɓa ya nemi tsaga. Ya buɗe akwati ya ga matata ta zauna daidai, robar da ke bakinta ba ta goce ba. Ya duba batir ko ya cika. Wani batir awa 4 yake yi, wani ya wuce awa 8, kuma in ya tsufa ƙarfinsa yana raguwa. Shi ya sa yake ajiye na biyu a cike.

Abu na ƙarshe shi ne gwajin ƙwallo. Akwai wani ɗan bututu garau mai ƙaramin ƙwallo ciki, da zane a jikinsa. Ana kafa shi a bakin akwati a tada fanka. In ƙwallo ya haye zanen, iska ta isa. In ya tsaya ƙasa, ba a sa wannan hula, ko da kunne yana jin fanka tana kuka.

Wani dare aka kawo wani dattijo, numfashi ya ƙi. Likita ya ce sai an zura masa tiyo a maƙogwaro. A duk aikin jinya, wannan na cikin waɗanda suka fi watsa ƙwayoyin cuta a iska. Wata yarinya sabuwar ɗauka ta zari hula daga rataya, ta tada fanka, ta nufi ƙofa da gudu. Mutumin ya tare ta.

"Dakata, ƴar uwa. Kin gwada ta?"

"Yaya, ba lokaci! Ga ta nan tana aiki, ina jin iska."

Bai yi gardama ba. Ya cire tiyo, ya kafa bututu. Ƙwallo ya ɗan motsa, ya tsaya nesa da zane. Matatar ta toshe, kuma wanda ya yi aiki da ita da rana bai sa batir a caji ba. Ya ba ta tasa da ya riga ya gwada, shi ya tsaya ya sake matata da batir, sa'annan ya bi ta ciki. Duk abin bai kai minti 3 ba. Yarinyar ta yi kusan awa ɗaya fuskarta dab da bakin dattijon.

Da gari ya waye bai nemi wanda ya yi sakacin ba. Ya san kowa a gajiye yake. Littafi ya samo ya rataye kusa da wurin caji. Ya rubuta wa kowane akwati da kowane batir lamba. Duk wanda ya ɗauka ya rubuta, wanda ya mayar ya rubuta. Ya ce musu ba a fafe gora ranar tafiya: hular gobe, yau ake gyara ta.

Tuɓewa ma tana da tsari, domin bayan hula da tiyo da akwati duk cuta ta sauka a kansu. Yakan cire riga da safar hannu a bakin ƙofa, ya wanke hannu, ya fita. Fanka tana nan tana aiki. Sai a waje yake sa sabuwar safa, ya kama hular ta baya ya zare, ba ya taɓa fuska. Bayan nan ne ake kashe fanka. Waɗansu akwatunan suna da ƙararrawa. In ta yi kuka a tsakiyar aiki, a fita ɗakin tukuna, kada a tuɓe a ciki.

Sai wanki. Ana goge hula da tiyo da akwati da batir da tsumma mai maganin kashe cuta, irin wanda maƙeran kayan suka yarda da shi. A bar maganin ya jima a jiki gwargwadon yadda aka rubuta, sa'annan a bar kaya su bushe. Ba a tsoma akwati cikin bokiti. Matata kuwa ba a wanke ta, ba a kakkaɓe ta, ba a hura ta. Mai injin ban ruwa yakan fidda matatar injinsa ya buga ta a dutse ƙura ta zube. Wannan in an yi mata haka ta lalace, kuma cutar da ta tara ta tashi sama. In ta jiƙe, ko ta fashe, ko ta toshe, sai a sa sabuwa. A ƙarshe a sa batir a caji, a ajiye kaya cikin inuwa, nesa da zafi da ƙura.

Hular tana da nata wahala. Ƙarar fanka tana hana jin magana, har sai an ɗaga murya. Sauraren ƙirjin marar lafiya yakan yi wuya. Ƙugu yakan gaji da nauyi. Amma akwai abin da mutumin ya fi so game da ita. Marasa lafiya, waɗanda aka hana danginsu shiga, suna ganin fuskarsa duka. Masu nauyin ji suna bin motsin leɓensa. Wata tsohuwa takan nemi a kira mata "mai gemun nan", domin shi kaɗai take iya shaidawa.

Ƙungiyar lafiya ta duniya ta ƙiyasta ma'aikatan lafiya 80.000 zuwa 180.000 korona ta kashe daga Janairu 2020 zuwa Mayu 2021. A watan Mayu 2023 ta ce halin gaggawa ya wuce. Tarin fuka dai bai tafi ba, kuma har yau ana sa irin wannan hula a wasu asibitoci wajen jinyarsa.

Akwai abu biyu da ya kamata manomi da makiyayi su riƙe. Na farko, hular ba ta ƙera iska, tacewa kawai take yi. Ba a shiga rijiya mai mugunyar iska da ita, kuma matatar likita ba ta tare tururin maganin feshi. Na biyu, wanda ya kai ɗan uwansa asibiti ya ga ma'aikaci ya rufe fuska, da hula ko da takunkumi, kada ya ɗauka ƙyama ce. Yana tsare kansa ne domin gobe ma a same shi bakin aiki. Mai tari da ya wuce sati 2, ya je likita a duba majinarsa, ya rufe baki in zai yi tari, a bar tagogi a buɗe. Da haka ya rage wa mai jinya nauyi, ya tsare iyalinsa.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya tsare masu kula da su.