Makankarin Inna

A garuruwan bakin teku na Amurka akwai wata farar miya mai kauri da suke kira kilam cawda. Asalinta daga wajen Boston ne, can gabas, amma a San Faransisko sun yi mata wata dabara: sai su rarake cikin wani kewayayyen burodi mai ɗan tsami, su zuba ta a ciki, burodin ya zama kwano. Madara ce da dankalin Turawa da albasa, sai naman wata halittar ruwa mai ɓawo biyu. Yawanci da kitsen alade ake fara suyar, don haka Musulmi sai ya tambaya kafin ya kai cokali. Mu sai a shago na uku muka dace da wadda aka yi da man shanu zalla. Ita kanta halittar ba mu yi wata-wata a kanta ba, tun a makarantar dare aka karantar da mu cewa a mazhabar Malikiyya abin da ke rayuwa a ruwa halal ne.

Mu biyu ne, wa da ƙani. Ɗaya taron masu rubuta manhajar kwamfuta ya kai shi, ɗaya karatu yake yi a can. Shekara uku rabonmu da cin abinci a wuri ɗaya, kuma wata biyu ke nan muna magana sama-sama saboda batun gidan Kiyawa.

Miyar ta yi daɗi, ko da yake bakin da ya saba da yaji da daddawa zai ji ta lami. Abin da ya tsayar da mu shi ne ɓawo guda da aka ɗora a kai don ado. Muka juya shi, muka dubi juna. Ashe makankari ne! Ƙarami dai, bai kai na gida tsawo ba, amma dangi ne ba shakka. Mun girma muna ganin ɓawon, ba mu taɓa tunanin akwai masu cin abin da ke cikinsa ba.

Kakarmu, Inna, tana da nata, baƙi daga waje, ciki yana ƙyalli, bakinsa ya cinye saboda aiki. Ta ce a kasuwar Shuwarin ta saye shi wurin 'yan koli tun tana amarya, lokacin ko Jihar Jigawa babu, don sai 1991 aka yanke ta daga Kano. Idan ta gama kwashe tuwon dawa da mara, sai ta bar tukunyar ta huce, sannan ta zauna a kan kujera 'yar tsuguno ta shiga kankarar ƙanzo. Wannan ƙarar, ƙurrr, ƙurrr, ita ce ƙararrawar gidanmu. Duk inda muke wasa sai mu sheƙo. Wani ta ba mu da ɗuminsa, sauran ta shanya a kan rufin dafa-dafa. Idan bazara ta yi nisa, rumbu ya yi ƙasa, sai ta jiƙa busasshen ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da albasa. Mu a lokacin marmari muka ɗauke shi. Sai da muka yi hankali muka gane lissafin hatsi take yi.

Ba ta yarda a sa cokalin ƙarfe a tukunyarta. Tana cewa, "Kai, ɗan nan, ƙarfe fasa tukunya yake, wannan kuwa lallaɓa ta yake yi."

Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta. Baba ma ya bi ta. Yanzu filaye sun yi daraja a duk faɗin hanyar Kano zuwa Azare, Dutse kuma tana ta matsowa, sai wani ɗan kasuwa ya taya gidan zai yi shaguna. Magada sun rabu biyu, mu ma haka. Mai son a sayar yana da hujja: katangar ƙasa ce, kowace damina sai an yi yaɓe, kuma duk cikinmu babu mai niyyar komawa. Mai cewa a bari ba shi da wata hujja da za a iya rubutawa a takarda.

Muna wannan shiru sai muka lura dukkanmu mun shanye miyar, muna kankarar cikin burodin da cokali. Muka kwashe da dariya har na teburin kusa suka waigo.

Ƙarfe ɗaya na rana ne a wurinmu, tara na dare a gida. Muka kira Umma, muka gaishe ta, muka tambaye ta ko makankarin Inna yana nan. Ta ce, "Ikon Allah! Daga Amurka kuka bugo don wannan?" Sannan ta ce yana cikin tsohuwar kwalla a ɗakin Inna, ba wanda ya taɓa shi. Ta tambaya ko mun tsayar da magana a kan gidan, don Kawu yana jiran amsa ranar Juma'a. Muka ce ta roƙar mana shi ya ƙara haƙuri zuwa Babbar Sallah, mu duka biyun za mu zo.