Tsakanin Harobanda da Babbar Kasuwa



Duk mazaunin Harobanda da ke neman abincinsa a tsakiyar birnin Yamai ya san Gadar Kennedy kamar yadda ya san zauren gidansu. An buɗe ta a shekarar 1970, tsawonta ya ɗara mita 700, kuma ita kaɗai ce ta haɗa gaɓoɓin kogin Isa a birnin har 2011 da aka sami ta biyu. Ta uku ta zo a 2021, amma mu masu shiga faba-faba har yau tsohuwar muke bi, domin ita ce ke sauke mutum kusa da kasuwa.

Baƙo yakan yi sha'awar wurin: ga kwalekwalen masunta, ga masu wanki sun shanya tufafi a bakin ruwa, ga raƙumi ɗauke da tabarmi yana tafe cikin ƙasaita, motoci na biye da shi tilas. Wanda yake ƙetarawa safe da yamma kuwa, idonsa ya daina ganin komai. Abin da ya rage masa shi ne zafi, da hayaƙi, da gardamar canji da yaron mota, sai kuma hirar da ba ta rasa naman wani a ciki.

Wannan hirar ce ta sa na fara saka littafi a aljihu. Da safe azkar sun ishe ni. Mushafi kuwa ba na fitar da shi a motar da ake zaune kafaɗa da kafaɗa, buhun albasa a kan ƙafa, alwala ma ba lalle ta kai ba. Saboda haka komawar yamma na ba littattafan hikaya.

A kan gadar nan na karance Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934. Labarin yaro ne da aka sace, aka ƙetara Sahara da shi, mahaifiyarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta. Mai karanta wahalar matar nan ba ya jin nauyin tsayuwar rabin sa'a a bayan raƙumi. Daga nan na ɗauki Sarraounia na Abdoulaye Mamani, da faransanci, bugun 1980, a kan sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Littafi ne mai ƙarfi, ko da yake a ganina bai yi wa malamai adalci ba a wasu shafuka, kuma gara uba ya karanta shi kafin ya miƙa wa ɗansa.

Na san akwai dattawanmu da ke ɗaukar irin wannan karatu a matsayin lagawu, mahaifina ma yana cikinsu. Ba su rasa hujja ba, domin cikin ƙananan littattafan soyayya da ke zuwa daga Kano akwai masu gyara tarbiyya, akwai waɗanda ba zan bari su kwana a gidana ba. Sai dai lokacin da ake magana a kansa ba daga makaranta aka yanko shi ba, daga gulma da kallon waya aka ƙwato shi.

Matsalar da ta rage ita ce haske. A lokacin hunturu rana takan faɗi da wuri, ƙura ta rufe kogin, kafin a kai tsakiyar gada baƙaƙen sun dushe. Sai in sa tikitin kantin magani a shafin da na tsaya, in fara lissafin ko zan riski jam'in magariba a masallacin unguwa.