Sifilin da na jefar, da laifin da na ɗora wa yarinya

Da aka samu lafawar al'amura a ƙasar Birnin Gwari bayan sulhun ƙarshen 2024, mutanenmu na Gayam suka fara leƙa gonakin da suka yi shekaru ba su taka ba. Ana gab da faɗuwar damina sai ƙungiyarmu ta manoma ta samu hanyar tallafin taki. Sharaɗin kawai a tura sunan kowa da lambar wayarsa da lambar asusunsa na banki. Ni ne magatakarda, don ni ake ganin na san kwamfuta.

'Yar yayana ce ta yi wahalar. Kwana tara tana bin rugage da unguwanni a bayan babur da wayar aro, tana shigar da bayanan mutane ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama ta turo mini fayil irin wanda ake kira CSV. Na tafi Birnin Gwari, na zauna a wani shagon kwamfuta ana ta ƙarar janareto, na buɗe shi da Excel, na jera sunaye bisa haruffa, na danna adanawa, na tura. Har na ce mata ta goge nata ta mayar wa mai waya abinsa, tunda bayanan mutane ne. Ina jin kaina gwani.

Bayan mako guda aka dawo mana da takardar. Lambobin asusu da yawa sun zama guda tara maimakon goma. A gurbin lambar waya kuwa, layi bayan layi, abin da ke rubuce shi ne 2.34803E+12, wani 2.34706E+12, kamar rubutun aljanu.

A nan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. A gaban mahaifinta na ce ta yi aikin ganganci, hankalinta na kan hira ba kan lambobi ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baffa, wallahi sai da na karanta wa kowa lambarsa ya ce haka ne." Na ce to aljani ne ya cinye su? Ba ta ƙara magana ba.

Wani malamin lissafi da muke sallah tare ne ya warware mini. Ya ce in kawo fayil ɗin, ya buɗe shi da Notepad, inda ba a yi wa rubutu kwalliya, sannan ya tambaye ni: "Malam, kai ka buɗe ka sake adanawa?" Na ce ƙwarai. Ya ce to ga aljanin nan zaune.

Abin da ban sani ba shi ne, kwamfuta ba ta san bambancin lamba da adadi ba sai an gaya mata. Buhu 40 adadi ne, ana tarawa ana ragewa. Lambar asusu kuwa suna ce kawai da aka rubuta da alƙaluma, babu mai tara asusun Audu da na Tanko. Idan Excel ta ga alƙaluma zalla sai ta ɗauke su adadi, kuma a lissafi 040 da 40 duk ɗaya ne, sai ta jefar da sifilin gaba. Wannan da sauƙi, domin lambar asusu a Najeriya guda goma ce daidai tun da Babban Banki ya kawo tsarin NUBAN. In ka ga tara, ka san abin da ya faɗi, ka mayar.

Lambobin wayar ne suka kashe ni. Yarinyar ta rubuta su da 234 a gaba kamar yadda aka buƙata, suka zama alƙaluma 13. Excel kuwa in adadi ya kai alƙaluma 12 sai ta taƙaita shi a allo da wannan E+12, ma'ana a matsar da ɗigo gida 12. A lokacin cikakkiyar lambar tana nan a ciki, taƙaitawar a ido ce kawai. Amma da na danna adanawa a matsayin CSV, abin da ke kan allo shi aka rubuta cikin fayil, ya hau kan na asali. Alƙaluma shida na farko suka tsira, bakwai suka tafi har abada. Kuma da bakina na sa aka goge ɗaya kwafin.

Har ma akwai abin dariya: a wani layi na ga ##### na firgita, ashe wannan ba komai ba ne, gurbin ne ya yi ƙunci, a ja shi ya buɗe. Abin da ya ba ni tsoro ba shi da illa, mai illar kuma na wuce shi ko kallo ban yi ba.

Malamin ya so ya sanyaya mini rai, ya ce a Ingila ma, a watan Oktoban 2020, hukumar lafiyarsu ta tsallake kusan mutum 16,000 masu korona saboda tsohon tsarin fayil na Excel ba ya ɗaukar layi fiye da 65,536. Na ce su ai suna da titi da wuta. Mu gyaranmu shi ne a sake hawa babur a cikin ruwa, a bi hanyoyin bakin daji waɗanda har yanzu mutum ba ya bin su don nishaɗi, a sake tsayar da dattijo a gona a ce ya karanto lambarsa. Wasu ma suka fara zargin ko cinye musu rabo ake shirin yi, kuma ban ga laifinsu ba.

Ni na yi zagayen na biyu da kaina. Kafin in tafi na je gidan yayana na ce a kira ta, na ba ta haƙuri a gaban wanda na ci mutuncinta a gabansa. Ba abu ne mai sauƙi ga babba ba. Ta ce, "Ba komai Baffa," amma ta ɗauki littafi da biro ta miƙo mini, ta ce wannan karon a rubuta a takarda ma.

Yanzu kafin in shigar da lambar waya, ko ta asusu, ko NIN, ko BVN, sai na mayar da layin gaba ɗaya zuwa Text, don ta ɗauke shi rubutu. Fayil ɗin da aka turo mini ba na taɓa shi, kwafi nake yi. Kafin in tura kuma sai na buɗe shi da Notepad na ƙirga alƙaluma da yatsa: asusu goma, NIN da BVN sha ɗaya-sha ɗaya.

Mutum goma sha ɗaya ban same su a kan lokaci ba, sun shiga gonakin nesa. Sunayensu ba su shiga rukunin farko ba, kuma masararsu ta yi bunƙasa babu taki na biyu.