Zuwa ga Abba, a kan motar kakanka

Yakasai, Birnin Kano.

Abbana,

Ina fatan kana lafiya, karatu kuma yana shiga. Mamanka da Hajiya da ƙannenka duk lafiyarsu ƙalau, suna gaishe ka.

Albishirinka! Kayan motar nan da ka zaro daga ƙarƙashin gadon Hajiya sun iso. Na zaga kasuwar Sabon Gari ban samu irin wanda nake so ba, sai wani abokina ɗan Kantin Kwari da ke zuwa sari ƙasar Sin ya taho mana da sabon rimot da risibarsa.

Ka san wannan mota ba ta kwalliyar ɗaki ba ce. Mai sunanka, Allah ya jiƙansa, shi ya kawo mini ita tsarabar Makka, lokacin da mu yaran unguwa motar kara da ta langa-langa muka sani. Ƙirar kamfanin Tamiya ce na ƙasar Japan, sunanta Grasshopper, a 1984 aka fara fitar da irinta. A wargaje ta zo cikin kwali, Alhaji ya kira mai gyaran rediyon bakin titi, suka baje ta a kan tabarmar zaure, ni ina miƙa musu sukundireba. A zauren nan na fara son aikin waya.

Injinta lafiya lau yake, giyar ma na wanke na sa sabon maiko. Abin da ya mutu shi ne risiba, wato ɗan akwatin da ke jin umarnin rimot. Ruwan tsohon batir ya zuba ya cinye ta, duk ta yi kore shar. Tsohuwar a kan mita 27 MHz take aiki, da wani ɗan ƙarfe mai ƙafa biyu da ake tsofa mata, kiristal. In motoci biyu suka haɗu da kiristal mai lamba ɗaya, sai rimot ɗin wani ya riƙa juya motar wani. Sabuwar a kan 2.4 GHz take, kuma da zarar an haɗa ta da rimot ɗinta, shi kaɗai take sauraro.

To, buɗe kunne da kyau. Batirin motar ƙwaya 6 ne a haɗe, kowace volt 1.2, ka ga 7.2 ke nan. Risiba kuwa volt 5 zuwa 6 ya ishe ta. Saboda haka wuta ba daga batir za ta shiga risiba kai tsaye ba. Sai ta bi ta akwatin totur, wanda masu sana'ar ke kira ESC, shi ne zai rage ta ya ba ta gwargwadon cikinta. A da wani ɗan hannu ne ke goga tagulla ya ƙara gudu, da wani farin abu a baya mai ɗaukar zafi har ya ƙona yatsa. Na cire su, amma na adana maka su a gwangwanin madara, don ka ga yadda mutanen da suka yi dabara.

Kowane filogi da zai shiga risiba waya uku gare shi a manne: baƙa, ja a tsakiya, sai fara mai ɗaukar saƙo. Na sitiyari ramin da aka rubuta CH1 zai shiga, na totur CH2. In ka juya ɗan filogin nan, galibi motar ƙin motsi kawai za ta yi. Amma manyan wayoyin batir, ja da baƙa, su ba a wasa da su. In aka sauya su, akwatin totur ya ƙone nan take. Ka duba sau biyu kafin ka jona.

Eriya kuma kar ka yanke ta, kar ka lanƙwasa bakinta. Ɗan tsiraran nan na ƙarshe, kimanin santimita 3, shi ne kunnen motar. Ka nesanta shi da wayoyin inji. Ƙurar hunturun Kano kuwa ba ta raga wa kayan lantarki, don haka za mu zura risibar cikin balan-balan, mu ɗaure bakin da roba.

Liƙin dalma na riga na gama, don hannunka bai kai riƙe ƙarfen zafi ba tukuna. Filogi biyun nan dai ban taɓa su ba, kuma ba zan taɓa ba. Da hannunka nake so su shiga. Ina ganin yara sun iya latsa waya, amma abu na tsayawa sai su wurgar. Mu 'yan garin marina da dukawa da maƙera ne, Abba, ban so ka tashi kana tsoron buɗe murfi.

Ranar gwaji za mu ɗora ta a kan bulo, tayoyi a sama. Rimot ake fara kunnawa sannan mota, wajen kashewa kuma mota ce farko. A lungu ba za mu sake ta ba, ga kwata ga babura. Filin Idi na Ƙofar Mata za mu je da sassafe.

Kafin hutu, ka samu takarda ka zana mini yadda wayoyin za su bi, daga batir har risiba, ka ba wanda ya kawo maka wannan wasiƙa ya taho mini da shi. Ka kula da salla, ka gaishe da malamanku.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.