Laifin Rago, Tunkiya Ake Kaiwa Kasuwa

Duk wanda ya leƙa gidajen Yelwa ko Wara da tsakar rana a watan Afrilu zai tarar da rago ɗaure a turke, baki buɗe, yana haki, haƙarƙari na sama da ƙasa. In ka dubi ƙasan cikinsa, maraina sun saki sun yi ƙasa har suna lilo tsakanin ƙafafu. Ragon nan ne fa da hunturu, a Disamba, ya tattare su ya manne da ciki. Yara kan yi dariya, manya su kau da kai, amma abin ba banza ba ne. Zafin jikin rago digiri 39 ne, maniyyi kuwa ba ya ƙulluwa da kyau sai maraina sun fi sauran jiki sanyi da kamar digiri huɗu. Shi ya sa aka halicce su a waje. To ranar da iskar Yauri kanta ta kai digiri 40, ina zai kai su?

Abin da ke ruɗa mai kiwo, ɓarnar ba ta fitowa nan take. Ƙwayar maniyyin rago kan yi kusan mako bakwai kafin ta haɗu, ta ƙara kusan mako biyu a hanya kafin ta nuna. Ke nan zafin da ya sha a Afrilu, a Mayu da Yuni ake biyan bashinsa, bayan ruwan fari ya sauka, gari ya yi sanyi, kowa ya manta. Rago yana nan da ƙarfinsa, yana bin tumaki, yana barbara kamar kullum. Kwana 17 tunkiya ta sake neman rago. A sake kai ta, ta sake dawowa. Tumakin gida kuwa galibi na mata ne, sai ka ji uwargida ta ce, "Malam, tunkiyar nan ta zama juya, ranar kasuwa a kai ta a canzo mini wata." Babu mai tuhumar rago.

Ban ce tunkiya ba ta da nata ba. Zafi da yunwar bazara kan zubar da ƙaramin ciki tun bai bayyana ba. Amma in tumaki uku ko huɗu suka yi ta dawowa, kuma rago ɗaya ne ya hau su, ai an san inda za a duba. Masu kiwon aladu a Turai da Amurka sun daɗe da gane haka, don su komai a rubuce yake, har fanka da feshin ruwa suke sa wa namijin alade lokacin zafi, tunda shi ba ya gumin kirki.

Mu kuwa layya ta ƙara dagula lissafin. A 2024 da 2025 Babbar Sallah a Yuni ta faɗo, wato kiwon turke ya ci karo da tsakiyar bazara. Ga Balami fari tas, an cika shi da dusa da harawa, kitse ya taru har a wuyan maraina ya hana su shan iska, ga shi ƙarƙashin rumfar kwano da ke tafasa tun hantsi. Shi ne kuma maƙwabta ke zuwa aro, don ya fi kowane rago a unguwa kyan gani. Ramammen ragon Fulani da ke bakin tafki wajen Ngaski ya fi shi sa'a. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa kan ja baya da rani ya bar ɗanyar ciyawa a gaɓa. Can dabba na cin ɗanye, tana shan ruwa sa'ad da ta ga dama, rana ta take ta nemi inuwar itace.

Mai rago a Shanga ko Yelwa, rumfar zana ko gindin darbejiya ta fi kwano, kuma kada kwanon ruwa ya bushe da rana. Tunkiyar da ta ƙi ɗauka a Mayu, a daure a bar ta ta kai Agusta, ko a gwada ta da wani ragon, kafin a ja ta zuwa kasuwa.