Hanyar da ta Ratse Zuwa Yammacin Zamfara

Masu karatu da yawa sun san babban titin nan da ya tashi daga Zariya ya nufi Sakkwato, wanda Gwamnatin Tarayya ta sa wa lamba A126. Tsawonsa kusan kilomita 400 ne. Yana bi ta Funtuwa, da Tsafe, da Gusau, da Bunguɗu, da Maru, da Talatar Mafara, sa'an nan ya shiga Sakkwato ya gamu da titin A1 wanda ya fito tun daga Ikko. A zamanin Turawa, gyaɗa da auduga ne suka raya shi, tun ba ma da jirgin ƙasa ya iso Gusau da Ƙauran Namoda a 1929 ba. Amma a wannan wata ba shi za mu bi har ƙarshe ba. Reshensa muka bi, domin a can ne muka gane amfanin hanya.

Mun tashi daga Gusau da hantsi, don direbanmu ya ce ba ya sammako a wannan hanya, ba ya kuma bari magariba ta riske shi. Da muka wuce Maru muka iso Mayanci, sai muka bar babban titi muka ratse hagu.

Zangonmu na fari Anka ne. Bayan da Gobirawa suka ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, sarautar Zamfarawa ta yi ta ƙaura har ta zauna a nan. Shi ya sa ake ce wa sarkin garin Sarkin Zamfaran Anka. Ƙasar tana da zinariya, amma arzikin ya zo da baƙin ciki. A 2010 gubar dalma daga duwatsun da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta na ƙasar Anka, da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta kawo magani, an kuma kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje. To, ta ina likita da magani suka shigo? Ta wannan hanya. Inda kwalta ta ƙare kuwa, uwa ce ke goya yaronta ta hau babur ko ta taka da ƙafa.

Daga Anka muka miƙa yamma, muka shiga ƙasar Bukkuyum ta Sarkin Danko, muka ratsa Nasarawar Burkullu. Dama da hagu gonakin dawa ne da gero. Sai dai mun ga waɗansu gonaki sun koma saura, domin 'yan bindiga sun hana masu su zuwa. A watan Janairu na 1922 babu mai tsammanin mota a nan. A watan Janairu na 2022 kuwa, sa'ad da aka kai hari a ƙauyukan Anka da Bukkuyum aka kashe mutane da yawa, bakin titin nan waɗanda suka tsira suka nufa.

A Ɗaki Takwas hanya ta rabu. Ɗaya ta yi kudu zuwa Zuru cikin Jihar Kebbi, ɗaya ta ci gaba zuwa Gummi, garin Sarkin Mafara a bakin Gulbin Zamfara. Fadamarsa tana ba da shinkafa, gulbin kuma yana ba da kifi. Amma ruwan da ke ciyar da gari shi ne ya yi masa ambaliya a damunar 2024, a watan Satumba kuma kwalekwale ya kife da manoma suna ƙetarawa zuwa gona.

Tun 1 ga Oktoba 1996, da aka yanke Jihar Zamfara daga Sakkwato, hedkwatar mutanen nan ta koma Gusau. Mai neman takarda, da ɗan makaranta, da majinyacin da aka tura babban asibiti, duk wannan hanya za su bi. In ta lalace, ko tsoro ya tare ta, kuɗin mota ya hau, buhun manomi kuwa ya faɗi a gona.

Saboda haka idan kun wuce Mayanci, ku dubi hanyar nan ku tuna da gidajen da ke rataye da ita. Allah ya kiyaye hanya.