Hanyoyin Ƙafa Na Dutsen Tebur: Inda Magidanci Zai Iya Kai Iyalinsa

Yau za mu yi magana a kan birnin Kep Tawun na ƙasar Afirka ta Kudu, wanda Allah ya ajiye tsakanin dutse da teku. Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu da ma'aikatanmu sukan isa can don fatauci ko taro, waɗansu har da iyali, amma sai kwanakin su ƙare tsakanin masauki da kantuna. Alhali a gefen duwatsun garin akwai hanyoyin ƙafa masu sauƙi, waɗanda uba zai iya bi da matarsa da 'ya'yansa, kuma a bakin hanyoyin nan ne aka binne mutanen da suka dasa Musulunci a ƙasar suna cikin mari.

Dutsen da ya yi wa birnin rumfa ana kiransa Dutsen Tebur, saboda samansa a shimfiɗe yake. Tsawonsa mita 1,086 ne daga fuskar teku. A gefensa akwai wani mai tsini da ake kira Kan Zaki, mita 669, daga shi kuma tudu ya miƙe zuwa Tudun Sigina, mita 350. Tun shekarar 1998 duk waɗannan suna cikin gandun da hukuma take kiyayewa.

To, shawararmu ta farko ita ce mai iyali ya cire ransa daga ƙololuwa. Hanyar Platteklip, wadda take hawa saman Dutsen Tebur kai tsaye, matakalar duwatsu ce mai cin sa'a 2 zuwa 3, inuwa kuma kaɗan ce. Kusa da kan Kan Zaki kuwa sai an kama sarƙoƙi da tsanin ƙarfe. Wannan aikin samari ne. Wanda yake son yara su ga saman dutsen sai ya shiga keken igiya, wanda aka fara aiki da shi tun 1929, cikin minti 5 ya kai su. A can saman akwai hanyoyi shimfiɗaɗɗu, yara kuma za su ga rema tana shan hantsi a kan duwatsu, irin dai wadda muka sani a duwatsun ƙasarmu.

Hanyar da muka fi so ga iyali ita ce ta doron Tudun Sigina. Hawanta kaɗan ne, mai tafiya yana ganin birni da tashar jiragen ruwa a hannu ɗaya, Tekun Atlantika a ɗaya hannun. A bakinta akwai wani ɗan gini mai ƙubba, kabarin Shehu Muhammad Hassan Gaibi Shah ne. Musulmin wurin suna kiran irin waɗannan kaburbura kiramat, wato daga kalmar karama, kuma sun fi 20 a kewayen garin. Daga tudun ana hangen tsibirin Robben a cikin teku. Yaranmu sun san cewa Nelson Mandela ya yi shekara 18 a can, amma kaɗan ne suka san malamin da ya riga shi da kusan shekara 200.

Ga yadda abin ya faru. Kamfanin fatauci na Turawan Holan ya kafa zango a Kep a shekarar 1652. Da yake suna mulkin tsibiran da a yau ake kira Indunisiya, sai suka mai da wurin maɓoyar duk wanda ya yi musu tsayayya, suna jigilar malamai da 'ya'yan sarauta da bayi. Dokarsu ta hana Musulmi yin ibada a fili. A shekarar 1780 suka kawo Imam Abdullahi ɗan Alƙali Abdussalam daga tsibirin Tidore, suka tsare shi a Robben. Ba shi da littafi a hannu, sai ya rubuta Alƙur'ani daga haddarsa. Da aka sake shi ya buɗe makaranta, ya koyar da bayi da 'yantattu, a 1794 kuma aka kafa Masallacin Auwal, masallaci na farko a ƙasar. Mutane suka sa masa suna Tuan Guru, wato babban malami. Ya rasu a 1807.

Kabarinsa yana maƙabartar Tana Baru, a gindin wannan Tudun Sigina, sama da unguwar Bo-Kaap mai gidaje masu launi iri-iri. Masallacin Auwal yana cikin unguwar, ana salla a cikinsa har yau, kuma an adana kwafin Alƙur'anin da ya rubuta da hannunsa. Saboda haka iyali suna iya yin tafiyar tudu da safe, su gangaro unguwar su yi Azahar. A gargaɗi yara tun da wuri cewa da ƙarfe 12 daidai ana buga igwa a tudun, ban da Lahadi da ranakun hutu, al'adar da ta samo asali tun 1806, kada su firgita.

Hanya ta biyu ita ce wadda ake kira Hanyar Bututu, domin an share ta ne a 1887 don shimfiɗa bututun da yake kawo wa birni ruwa daga dutse. Tana farawa daga mashigin Kloof Nek, ta bi gindin jerin duwatsun da suke fuskantar teku, kusan a miƙe take, tsawonta kimanin kilomita 6. Ba dole a kai ƙarshenta ba. Inda ƙaramin yaro ya gaji, nan ne wurin juyawa. Da safe ake binta, domin da yamma rana tana dukan wannan ɓangare. Idan aka bi titin bakin teku da mota zuwa kudu kaɗan, za a isa Oudekraal, inda matakala 99 take kai mutum kabarin Shehu Nurul Mubin, wanda aka koro zuwa Kep a 1716. Yara sukan ji daɗin ƙirga matakan.

Ga masu jarirai da tsofaffi kuwa, lambun Kirstenbosch da ke gabashin dutsen shi ya fi dacewa. An kafa shi a 1913, ana biyan kuɗin shiga, akwai inuwa da ƙoramu da hanyoyi masu laushi. Mai sauran kwana ɗaya sai ya nufi Makasar a gabashin birni, kusa da bakin teku, inda ƙubbar Shehu Yusuf take a kan tudu. Shi ne malamin da ya yaƙi Turawan Holan a tsibirin Jawa, aka kawo shi a 1694 tare da mutanensa 49, ya rasu a 1699.

Dole mu ja kunne a kan abubuwa kaɗan. Watannin da muke hunturu, wato Disamba zuwa Fabrairu, su ne lokacin zafi a can, rana takan kai kusan ƙarfe 8 kafin ta faɗi. Daga Yuni zuwa Agusta kuwa ruwa ne da sanyi. Iskar kudu maso gabas takan taso ba sallama, ta lulluɓe dutsen da farin gajimare har hanya ta ɓace, keken igiya ma a rufe shi. Don haka kowa ya riƙe rigar sanyi da gorar ruwa, ko da gari ya waye garau. Akan sami ɓarayi masu tare hanya, saboda haka a tafi cikin jama'a, a dawo kafin Magariba. Ruwan tekun wannan gefe yana da tsananin sanyi, kada a saki yara su faɗa. Alƙibla kuma ba gabas take ba kamar yadda muka saba, arewa take da ɗan karkata zuwa gabas.

Game da kaburburan nan, ladabin ziyara sananne ne: a cire takalmi idan an shiga, a rage murya, a yi sallama, a roƙa wa mamatan gafara da rahama, buƙata kuwa a kai ta ga Allah shi kaɗai. Abin da muke so uba ya yi shi ne ya tsaya a wurin ya gaya wa 'ya'yansa labarin. Yaron da yake nauyin zuwa makarantar allo, idan ya ga tsibirin da idonsa, ya ji cewa wani ya zauna a can ba littafi ba malami, amma abin da ya haddace yana ƙarami ya ishe shi ya raya addini a ƙasa guda, zai san darajar abin da ake ɗora masa.

Allah ya jiƙan waɗannan bayi nasa, ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo da su lafiya, amin.